Mijin Ƙanwata Ya Hana Babanmu Ganin Cobá

Doña Nidelvia, ki taimake ni kafin in aikata abin da zuciyata ke raya min.

Bara muka tafi hutu Tulum, wani gari a bakin teku, gaba ɗayanmu: ni, ƙanwata Landy, mijinta Wilberth, yaransu, da babanmu Don Eleuterio. Baba bai damu da teku ba. Abu ɗaya ya roƙa, a kai shi kufan Cobá, tsohon birnin duwatsu na mutanen da, inda ya yi aikin sharar daji yana saurayi, inda ya fara ganin mahaifiyarmu tana sayar wa ma'aikata abinci. Motar da muka je da ita ta Wilberth ce. Kullum da safe Baba zai sa farar rigarsa da malafa ya zauna a ƙofar otal, kullum Wilberth na miƙe a kan yashi yana cewa gobe, wai duwatsu ba sa gudu. Har dariya ya yi masa gaban jikoki, wai tsoho yana kewar tsararrakinsa. Muka dawo ba a je ba. Damina ba ta ƙare ba muka binne Baba.

Bana za mu koma, kuma ni ce mai tsara tafiya. Na yi niyyar Wilberth ko ƙafarsa ba zai tsoma a ruwa ba. Daga wannan kufai zuwa wancan, da tsakar rana, da ciwon gwiwarsa da tumbinsa, sai ya roƙe ni. Landy ma ban yafe mata ba, tana gani ta yi shiru. Shin na yi laifi?

Ɗiyar Marigayi, daga Tizimín

Ɗiyata, Allah ya ji ƙan Don Eleuterio. Wilberth bai kyauta ba, kuma ba'ar ta fi ƙin tafiyar muni. Amma ki yi masa adalci guda: mutum ne da ya gaji ya zo hutawa, bai san lokaci ya ƙure ba. Ke ma ba ki sani ba, da kin tari motar haya.

Shirinki ba zai biya ki ba. Wilberth zai sha wuya, ya yi gunaguni, bai ma san dalili ba. Yaran kuwa su tsani wurin da kakansu ya fi so har abada.

Kafin tafiya, ki zaunar da shi da Landy, ki faɗa musu abin da ya yi da yadda ya ƙona ki. Wannan zai fi rana dukansa. Sannan ki raba hutun: sammako zuwa Cobá kafin zafi, shi ne direba, yamma kowa ya faɗa teku, har ke. A can ki ba yaran labarin kakanninsu, shi yana tsaye yana ji.

In ya nemi gafara, ki karɓa. In bai nema ba, kin dai sauke nauyi. Allah ya sanyaya miki, ya kai ku lafiya.

Doña Nidelvia