Sai Suka Gaisa

Gwaggo, don Allah ki ajiye wasiƙun masu kukan miji a gefe ki fara duba tawa, domin ni matsalata tana da wa'adi, kuma wa'adin ya kusa cika. Ba mijina ba ne, shi bawan Allah bai ma san wainar da ake toyawa ba. Mahaifinsa ne. Kuma ba shi ya yi mini laifi ba, ni na jiƙa wa kaina aiki.

Ni malamar 'yan aji biyu ce a firamare. Surukina, wanda duk gidan muke kira Baba, ya dawo wurinmu da zama tun da matarsa ta rasu bara waccan. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum mai tsare gida, irin wanda idan ya yi gyaran murya a ɗakinsa sai a rage ƙarar talabijin a falo. Duk shekarun da na yi da ɗansa, tsakanina da shi ba ya wuce ina kwana da sai da safe. Yanar ido ta rufe masa gani, jarida ta gagare shi, sai ya koma zaman kujera kusa da taga yana sauraron fanka.

Wata rana da yamma na kai masa shayi, sai ya ce in ɗauko wani kwali a saman kabad, littattafan marigayiya ne a ciki, in fara karanta masa mai shuɗin bango. Na ɗauka littattafan tarihi ne ko na wa'azi. Ina buɗe kwalin na ci karo da hoton wani ƙato a kan dutse, iska tana kaɗa masa gashi, rigarsa ba ta da maɓalli ko ɗaya. Littattafan soyayya ne, Gwaggo, na zamanin da, lokacin jiragen ruwa na katako da iska ke turawa. Labari ɗaya ne aka ja shi littafi bayan littafi. Wani mai gadin fitilar bakin teku ya tsinci mace a kan yashi, ashe ba mutum ba ce, 'yar cikin teku ce, kuma da wani mayafi take komawa ruwa. Sai ya ɗauke mayafin ya kulle a akwati, ya aure ta. Akwai kuma wani kyaftin ɗin jirgi mai gashin baki da ke zagayen matar mutane.

Da farko lafiya lau. Na iya karatu da murya, aikina ne, har kukan iska nake yi masa. Sai muka zo wani shafi, idona ya riga bakina sauka ƙasa, na hango hannun mai fitila ya doshi inda babu fitila. Gwaggo, surukina ne a gabana, ƙafarsa cikin safa, yana juya cokali a kofi. Bakina da kansa ya ce, "Sai suka gaisa." Na haɗiye shafi huɗu na ci gaba daga wayewar gari.

Tun daga ranar ta zama doka. Idan abin gajere ne, sun gaisa. Idan ya ɗan ja, sun gaisa sosai. Akwai wani babi da ruwan sama ya tsare su a cikin kwalekwale, wannan sai da na ce sun gaisa har da tambayar mutanen gida. Kyaftin kuwa a babi guda ya gaida matar mai masauki sau uku. Baba ya jinjina kai ya ce lallai mutanen da akwai ladabi, ba irin yaran yanzu ba da za su wuce ka ko kallo babu. Abin haushi, marigayiya ta naɗe kusurwar wasu shafuka, kuma duk inda na ga naɗi na san gaisuwa ce ke tafe. Allah Ya jiƙanta, ta sauƙaƙa mini aiki.

Matsalar ita ce kalmar ta fito daga littafi ta shiga gida. Rannan muna cin abinci, Baba ya tambayi mijina ko ya gaida matarsa yau. Mijina ya ce ai da sassafe ya gaishe ni. Baba ya ce madalla, haka ake so. Ruwa ya sarƙe ni har sai da aka bubbuga mini baya. Da matar maƙwabcinmu ta haihu kuma, cewa ya yi gaisuwa ta yi albarka. Na ce a raina Allah Ya sa dacewa ce kawai, tsoho ne, magana ce ta zo masa.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma mutum idan ya ɗanɗana gyara wa marubuci aiki, hannunsa ba ya zama. Kyaftin ɗin nan ya ishe ni da ƙarya da shafa gashin baki, sai wata rana da na dawo makaranta a gajiye, yara sun cinye mini rai, na tayar da guguwa na nutsar da shi. A littafin ko mura bai yi ba. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce gara haka, da ma tuntuni ya kamata wani ya yi. A littafi na gaba mutumin ya sake fitowa garau, dole na ce ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, gashin baki ɗaya. Yanzu ina riƙe da ƙanin da babu shi, har na aurar da shi.

Ki yi mini dariya in kin so, amma wannan sa'ar ta yamma ita ce abin da na fi so a yinina. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, ban san zama da uba ba. Yanzu Baba yana jin na taɓa ƙofa zai ce malama ta dawo, a kawo teku. Yana ba ni labarin gidan waya, yana tambayata ra'ayina, yana musu da ni kan ko daidai ne a ɓoye wa mace mayafinta. Mijina ya taɓa karɓata ranar da muryata ta dushe, ya karanta kamar mai karanta takardar magani, Baba ya kore shi kafin ya kai ƙarshen shafi.

To ga inda na maƙale. Saura babi ɗaya labarin ya ƙare, kuma na leƙa. Matar ta sami mayafinta a akwati, ta sumbaci 'ya'yanta suna barci, ta shiga ruwa ba ta waiwayo ba. Mai fitila ya tsufa yana kunna fitilarsa yana duban teku. Shi ke nan. Shi kuwa Baba kullum sai ya tambaye ni ko ina ganin za ta zauna. Mutumin da har yau bai yarda an taɓa tabarau ɗin matarsa da ke kan tebur ba, ta yaya zan karanta masa wannan? Na yi ta ja, yau tari, gobe gyaran jarrabawar yara. Na riga na tsara wani ƙarshen a kaina, inda za ta ƙone mayafin da hannunta ta zauna.

Sai ga shi likita ya sa ranar cire masa yana a ƙarshen watan nan. Kowa murna, ni ma wallahi ina murna. Amma Baba ya ce abin da zai fara yi idan idonsa ya buɗe shi ne ya karanta littattafan nan da kansa tun daga mai shuɗin bango. Zai ga gaisuwa da idonsa. Zai ga kyaftin da rai. Zai san matar ɗansa ta yi wata da watanni tana zuba masa ƙarya da muryar karatu. Na yi tunanin in ce ɓera ya ci kwalin, ko ruwa ya zubo daga rufi. Ina tsoron mu koma ina kwana da sai da safe, kuma wannan karon da dalili. In ƙone littattafan ne, in canja ƙarshen, ko in tattara kayana?

Taki,
Mai Karatun Baba

*

'Yata Mai Karatu,

Kada ki ƙone komai, kada ki ɗora wa ɓera laifin da bai yi ba, kuma ki bar kayanki inda suke. Zauna in gaya miki abin da kowa ya gani a wasiƙarki ban da ke.

Baba ya sani. Tun ranar gaisuwar farko ya sani. Mutumin da ya haifi mijinki ba ya buƙatar malamar aji biyu ta fassara masa abin da ake yi a kwalekwale idan ruwan sama ya tsare mutane. Shi ya nuna miki kwalin, shi ya gaya miki littafin da za a fara da shi, alhali ba ya gani. Kina tsammanin surukarki ta yi shekaru tana naɗe kusurwar shafuka a ɗaki ɗaya da shi, bai taɓa tambayar me ke ciki ba? Ina kyautata zaton ya ji labarin nan daga bakinta, kuma ita ba ta tsallake komai ba. Da kika nutsar da kyaftin ya ce tuntuni ya kamata wani ya yi. Mai jin labari karon farko ba ya cewa tuntuni. Tambayar da ya yi wa mijinki a kan abinci kuwa, tsokana ce tsagwaronta, kuma ya ji daɗin sarƙewarki. Kin ce mutum ne mai tsare gida. To ki sani irinsu ba sa tsokanar wanda ba su so.

Yanzu mu raba laifuffukanki, don ba nauyinsu ɗaya ba. Gaisuwar ba ƙarya ba ce, kunya ce, kuma da kin karanta masa shafukan nan yadda suke da wata wasiƙar daban za ki aiko mini. Kyaftin kuma ban ga asara ba, na san irinsa, ni ma da na samu dama da na tura shi. Amma ki yarda cewa a nan kin fara wuce gona da iri. Wanda ba ya gani ya ba ki aron amanarsa ne, duk abin da kika ce yana kan takarda dole ya karɓa. Wannan karon ya zo da dariya don ya san hanya. Ba kullum za a dace haka ba.

Shi ya sa ƙarshen labarin ba naki ba ne da za ki taɓa. Na fahimci tausayin da ya sa kike so matar ta zauna, kuma tausayi ne mai kyau. Sai dai kina ƙoƙarin kare Baba daga labarin da ya riga ya faru da shi. Tasa ta tafi ba ta waiwayo ba, tabarau ɗinta na kan tebur, shi ne mai kunna fitilar. Idan kika ƙone mayafin kika zaunar da ita, kin gaya masa ke nan cewa abin da ya same shi ya yi munin da ba a iya faɗa a gabansa. Da yake tambayarki ko za ta zauna, ban jin amsa yake nema. Ina jin so yake ya ga ko akwai wanda zai iya zama da shi a kai ƙarshen tare.

Ga abin da za ki yi. Kafin ranar asibiti, ki kai masa shayinsa, ki rufe ƙofa, ki karanta babin yadda aka rubuta shi, kalma da kalma. Idan muryarki ta karye ki bar ta ta karye. Idan ya yi shiru kada ki cike shirun da surutu, idan ya kawo zancen marigayiya ki saurara. Bayan nan, ba lallai a ranar ba, ki gaya masa kyaftin yana nan da ransa kuma ba shi da ƙani. Ki faɗa a taƙaice, ba da kuka da durƙuso ba. Zancen gaisuwa kuwa ba sai kin ɗaga ba, ku biyun kun riga kun fahimci juna.

Saura tsoronki na gaskiya, wanda kika ɓoye a ƙasan wasiƙa, wato idan ido ya buɗe an gama da malama. Da karatu kawai yake so, da bai kori ɗan cikinsa ba, ai shi ma haruffan yake furtawa. Duk da haka kada ki zauna jiran a kira ki. Ki je kasuwa ki sayo sabon littafi wanda babu ɗayanku da ya san ƙarshensa, mai teku ko mai hamada duk ɗaya, ki ajiye masa a kan tebur ranar da zai dawo. Idan likita ya ba shi izinin karatu, ki ce yanzu layinsa ne, ke za ki riƙe kofi. Ina so ki rubuto mini abin da zai ce idan ya iso shafin da hannu ya doshi inda babu fitila.

Allah Ya sa a yi aikin a sa'a, Ya buɗe masa ido tangaran, Ya jiƙan mai naɗe shafuka. Ki gaida mijinki yadda kika ga dama. Baba kuwa ki gaishe mini da shi, gaisuwar ina kwana nake nufi.

Gwaggonku