Ɓeran da Na Kawo wa Alewa

Bronx, 14 ga Yuli

Zuwa ga matata Zalika,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun sami Inna da mutanen Maraɗi lafiya. Yaya 'yata Firdausi da zafin gida? Na ba abokina Mahamudu mai zuwa gida wasiƙar nan a filin jirgin JFK saboda maganar ba ta waya ba ce, kin san yarinyar da fizge waya.

Na yi ɓarna, Zalika. Kin tuna ranar tafiyarku Firdausi ta damƙa mini amanar macijiyarta Alewa, 'yar irin da ake kira rozi bowa, mai ratsin ruwan hoda, wadda ko dafi ba ta da shi. Ta ce in ciro mataccen ɓera daga firiza, in jiƙa shi a ruwan ɗumi in ba ta. Sau biyu na ba ta, ta ƙi ci. Sai taurin kan nan nawa ya motsa, na ce wace halitta ce za ta yi marmarin mushe? Ashe shirin saɓa take yi, idanunta sun yi fari, ko gani ba ta yi sosai.

Na ɗana tarko a ƙasan bene, na kamo ƙaton ɓeran New York da ransa, na jefa mata a akwatin gilashi, na tafi dafa shayi ina yabon kaina. Da na dawo, gilashin duk jini. Ɓeran ya hau bayanta yana yagar nama har ƙashi ya bayyana, ita kuwa ta dunƙule ta ɓoye kai, ko sara ba ta kai masa ba. Na cusa hannu na shaƙo shi, ya kafa mini haƙora a babban yatsa. Na maka shi da bango, na bi shi da taɓaryarki, na yi ta duka har bayan ya daina motsi. Ni da na tashi ina kashe macizai a gona, sai ga ni a guje da macijiya cikin hulata ina neman likitan dabbobi.

An ɗinke ta, ni ma an yi mini allura. Garin neman gira na rasa ido. Kada ki faɗa wa yarinyar tukuna.

Mijinki,
Rashidu

Bronx, 23 ga Yuli

Zalika,

Ina gaishe ku da kyau, ya jikin Inna? Tahiratu, 'yar garinmu mai zuwa gida, ce za ta kawo miki wannan.

Alewa ta mutu ranar Talata da hantsi, a tafin hannuna, ina shafa mata magani. Kwana tara ina wanke raunin nan safe da yamma. Wallahi na yi kuka, ban ji kunya ba.

Maƙwabcinmu Kojo ya ce ya san inda za a samo mai kama da ita, ratsi iri ɗaya, yarinya ba za ta gane ba. Har na ɗauki makullin mota, sai na ajiye. Kullum Firdausi ta kira tana son ganin Alewa, ina ce mata kyamarar wayata ta lalace, ita kuma ta yarda, domin babanta ne ya faɗa. Wannan yardar ta fi cizon ɓeran yi mini ciwo.

Firdausi tana jin Hausa amma ba ta iya karantawa. Ki zaunar da ita ki karanta mata wasiƙun nan biyu, kada ki tsallake ko layi ɗaya, har wajen shayin. In ta gama kuka, ki ce ta kira ni. Kyamarar lafiyarta ƙalau.

Naki har kullum,
Rashidu