Tire Ɗaya a Gidan Inna

Daren Asabar, Nguru

Mun dawo daga suna a Gashua, na gaji tilis amma raina fes. Tun zaɓen shugaban ƙasa yayana Modu da maigidana ba su ƙara cin abinci tare ba, alhali 'yan takararsu duka faɗuwa suka yi.

Yau ma suka soma. Yaya ya ce da nasa ya ci, da taki ya yi araha. Maigidana ya ce, "Da naka ya janye wa nawa, ai da mun wuce."

Inna ta dire tiren burabusko tsakaninsu. "Ku kun kasa haɗuwa a tire, su kuke so su haɗu?"

Wallahi Yaya ne ya fara wanke hannu. Har kan kifin ya tura wa maigidana.