Cajar Baba Ajeigbe da Hannun da Ba a Gani

Gwaggo Tasalla, don Allah ki agaza mini kafin ƙarshen wata. Na haɗa manya biyu faɗa ba tare da sun san ni ne ba, kuma ina jin aikina ne zai tafi a ciki.

Bara na gama jami'a, na karanci ƙididdiga, na samu aikin gwaji a wani ƙaramin kamfani a nan Ibadan da ke buga kalanda da katin biki. Ko'ina takarda ce, har ƙarƙashin kujeru. Ni ne ƙarami, don haka ni ke rufe ofis da yamma. Soket ɗaya ne kawai a ɗakinmu ke kawo wuta idan an tayar da janareta, kuma kan janareta muke wuni. Wannan soket na Baba Ajeigbe ne, babban akawunmu. Ba wanda ya rubuta haka. Idan an tashi yakan tafi da kwamfutarsa ta cinya, ya bar cajar a jone, kamar yadda ake barin bokiti a layin famfo. Duk wanda ya ga wayar ya san wurin da mai shi.

Ni da farko ban san wannan ba. Na dai taɓa cajar wata yamma, na ji ɗumi. Ban ce zafi ba, Gwaggo, ba zan yi mata ƙage ba, ɗumi ne irin na ƙwan da kaza ta tashi a kai. Na karanta rubutun da ke bayanta har ƙananan baƙaƙen. Na duba a waya: wasu sun ce ba komai, wasu sun nuna hoton ɗaki ƙurmus. Sai na zare cajar, na naɗe da kyau, na ɗaure da roba, na ajiye masa a tebur.

Washegari Anti Morenike, mai zana mana katuna, wadda ke riga kowa zuwa, ta tarar da soket a buɗe. Ta jona fankarta da fitilarta da wayoyinta biyu. Da Baba ya shigo sai ya tsaya cak, ya ce, "Morenike, mutuwa na yi aka fara rabon gado?" Ta durƙusa ta gaishe shi, tana durƙushen ta ce, "Baba, Allah ya ja kwana, ni rami na gani ba kowa, ramin kuma bai faɗa mini sunan ubansa ba." Ni ina gefe ina jera takardun da na riga na jera.

A ranar Baba ya mayar da cajarsa, ni kuma na yi niyyar ba zan ƙara ba. Na rufe ofis na hau tasi, har mun kusa kasuwar Dugbe sai na ga kalandu suna ci da wuta a idon zuciyata. Na sauka, na hau acaɓa na koma na zare. Tun daga nan haka nake yi kullum. Na gwada yin sammako in mayar kafin Anti ta zo, amma bayan ofis take zaune, kuma tana da makulli.

Anti ta rantse ba ita ke zarewa ba, har da kama kunne. Baba ya yi nazari, ya ce to lallai ba hannun mutum ba ne, domin mutum mai mugun nufi ba ya naɗe waya ya ɗaure ta da roba. Yanzu kowace safiya yana zuwa da kwalbar ruwan addu'a, ya yayyafa wa soket da cajar. Ni yake ba riƙon kwalbar. Yakan ce, "Ɗana, duk ofis ɗin nan kai kaɗai zuciyata ta kwanta da shi." Ranar Litinin na ji soket ɗin ya ce tsat. Na tabbata na ji.

A wurinmu ƙarami ba ya taɓa kayan babba, balle ya yi masa gyara. Ga shi ƙarshen wata Madam mai kamfanin za ta tambayi Baba ko a riƙe ni. Gwaggo, barin caja a jone yana tada gobara, ko kuwa ni ne mahaukacin? In faɗa masa, ko in yi shiru har a tabbatar da ni?

Ɗanki mai fargaba, Ibadan.

*

Ɗana mai fargaba,

Ba ka haukace ba, amma ka bi hanya mai nisa.

Caja mai kyau, wadda ba ta fashe ba kuma wayarta ba ta tsage ba, ba kasafai take tada gobara don an bar ta a jone ba. Idan ba kwamfuta a bakinta, wutar da take sha kaɗan ce ƙwarai. Sai dai tsoronka yana da tushe: jabun caja sun cika kasuwa, wutarmu takan dawo da ƙarfi, ɗakinku kuma takarda ne. Duk cajar da ta yi zafin da hannu ba ya jurewa, ko take ƙauri, ko take ƙara, a yar da ita. Wadda kuma take ɗumi ba komai a bakinta, kamar ta Baba, ta cancanci mai gyara ya duba ta.

Shi ma Baba yana da gaskiyarsa. Dattijo ne da ya kama wuri ta hanyar da kowa ya yarda da ita, aka wayi gari ana tuɓe shi kullum. Ita kuwa Morenike tana shan zargin abin da ba ta yi ba.

Haɗari na gaske shi ne ruwan nan. Addu'a ba ta da laifi, amma ruwa da soket ba sa zama wuri ɗaya. Daga gobe kada ɗigo ya ƙara sauka a kai, kuma a kira mai gyara ya buɗe shi.

Sannan ka duba gefen soket ɗin. Galibinsu suna da makunni. Ka kashe shi da yamma, ka bar wayar a raminta: wuta ta yanke, wurin Baba yana nan. In babu makunni, mai gyaran ya sa.

Kada ka jira ƙarshen wata. Idan Baba ya gano da kansa, rainin da zai gani ya fi zare cajar ciwo. Ka same shi shi kaɗai, ka kwanta rub da ciki yadda kuke gaida manya, ka ce tsoron kada kayansa su ƙone ne ya sa. Zai yi faɗa, ka bar shi ya gama. Ba zan yi maka alkawarin aikin ba, amma akawu yakan so yaron da ke komawa ya duba abu sau biyu. Daga nan ka je ka ba Morenike haƙuri a gaban kowa, tunda a gaban kowa aka zarge ta.

Ruwan da ya rage a kwalba kuwa, ka sunkuyar da kai Baba ya yayyafa maka. Ai dama don kai aka kawo shi.

Allah ya tabbatar maka da aikinka, ya sanyaya maka zuciya.

Gwaggo Tasalla