Gurbin Agogo

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya yara, ya maigidan? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na rubuto ne na ba direban da ke zuwa garinku, don na lura in muka hau waya ba ma daɗewa sai faɗa. Takarda dai ba za ta katse ni ba.

Maganar hasumiyar agogo ce. An zagaye ta da kwano, an kafa allo mai hoton titi shimfiɗeɗe da motoci masu ƙyalli. Wai ita ke haɗa cunkoso. Tun kafin a haifi Baba take tsaye a mararrabar nan, sai bana aka gano ta tare hanya.

Kin san yadda Baba ya koma. Sunayen jikokinsa sun ɓace masa, jiya ma ya tambayi matata ko ita ce sabuwar 'yar haya. Amma kullum da safe sai ya sa hula, ya ɗaura agogonsa, ya taka har gindin hasumiyar da ya ƙare ƙuruciyarsa yana hawa yana sa wa agogonta mai. Ya ɗaga kai ya dube ta, ya dubi na hannunsa, ya yi tsaki, don tun da ya yi ritaya na hasumiyar ya tsaya. Sai ya zagaye ta ta dama, ya biyo layin masu gyaran takalma ya dawo gida. Wannan hanyar kaɗai ta rage masa a ka. In aka ɗauke hasumiyar ban san me zai juyo da shi gida ba.

Me kike gani?

Ƙanenki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na kuma sha wahala kafin na karanta, rubutunka har yanzu kamar kaza ta bi ta kai. Duk muna lafiya.

Abin da nake gani ba shi da tsawo. Ka sayi kwaɗo ka sa wa ƙofar gida. A asibiti nake aiki, na ga yadda ake kawo mana tsofaffi irinsa, wani a ƙafa, wani a bayan mota an rufa masa zane. Ba na so a kawo Baba ko ta wace hanyar.

Hasumiya kuwa, a rushe. Kai daga nesa ka san ta, ni ce nake kai wa Baba abinci can tun ba ka yi wayo ba. Matakala ce mai duhu, ga kashin tattabaru, ga zarni a gindinta. Sai in tsaya a ƙasa da kwano a hannu ina ƙwala masa kira har muryata ta dushe. Masu kukan tarihi a rediyo ba wanda ya taɓa shiga cikinta.

Ka gaishe da ƙanwata matarka da yara. Ka tabbata yana shan maganinsa.

Yayarka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa. An rushe. Na je na gani da idona, ni da rabin gari, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Ba ta ba su wahala ba. Fuskar agogon an ɗora ta a babbar mota, an ce gidan tarihi za a kai ta. Masu sayen ƙarfe dai na ga sun bi motar a baya. Yanzu an malala kwalta a wurin, sumul, har da farin layi.

Na bi umarninki na sa kwaɗo. Baba bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Da safe sai ya shirya tsaf, ya ja benci ya zauna yana fuskantar ƙofa. In na zo wucewa ya ce, “Malam, sannu da aiki. Yaushe ake buɗewa?” Ya ɗauke ni mai gadi. Abinci kuma sai dai a ajiye a ɗauke, ƙuda kaɗai ke taɓawa. Da na ga wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa, na cire kwaɗon na bi shi a baya.

Ki saurara da kyau. Ya isa mararrabar, ya ratsa cikin motoci har tsakiyar sabon titin, daidai inda gindin yake a dā. Ya ɗaga kai ya dubi sarari, ya dubi agogonsa, ya yi tsaki. Sannan ya zagaye wurin da babu komai, ta dama, yana barin tazara kamar mai gudun goga kafaɗa da bango. Ya biyo layin masu takalma ya dawo gida, ya cinye abincinsa tas, ya nemi ƙari.

Bai ɓata ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, wata bas ta ja burki a gabansa har fasinjoji suka yi salati.

Ƙanenki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Na karanta takardarka a tsaye, na sake karantawa a zaune, ban ga abin burgewa ba. Ka saki tsoho a tsakiyar titi, kana bayansa kana kallo kamar ɗan jarida, har kana ba ni labari da daɗin baki.

Tunda kwaɗo ya fi ƙarfin zuciyarka, zan zo ƙarshen wata in ɗauke shi. Na gyara masa ɗakin baya. Akwai tsakar gida mai katanga, ya zaga iya son ransa. Zai yi kewa, na sani, amma mai kewa yana da rai. Ka haɗa masa kayansa da katin asibiti.

Ka faɗa mini inda zan sauka, an ce duk an canza tashoshin.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban ce kin yi kuskure ba.

Ga yadda abubuwa suke. Mai ba da hannu a mararrabar ya gane Baba. Da ya hango hularsa sai ya busa usur ya tsayar da kowane ɓangare, har ya gama zagayensa ya wuce. Direbobi sun yi zagi sun gaji, yanzu wasu har ɗaga masa hannu suke yi. Sai dai an riga an kafa sandunan fitilar ba da hannu, an naɗe kawunansu da leda. Ran da aka kunna su za a ɗauke mutumin, fitila kuwa ba ta san Baba ba. Ni ma ba kullum zan bar shago in bi shi ba. A wurinki zai fi daɗewa, wannan ba na musu. Abin da na gani a bencin nan ne kawai ba na so in sake gani.

Batun sauka, kada ki damu. Allon tasha yana ɗauke da sabon suna, amma ba mai kiransa. 'Yan kwandasta har yau “Agogo! Agogo!” suke ihu, har yaran cikinsu da suka zo garin bayan an rushe ta.

Na faɗa wa Baba kina zuwa. Ya ce, “Wace ce?” Na ce babbar 'yarka. Na ɗauka maganar ta bi iska kamar kullum. Har na miƙe sai ya riƙo hannun rigata ya ce, “Mai kawo abinci? Ka ce mata kada ta hau, matakalar da duhu. Ta jira ni a ƙasa, zan sauko.”

Rabon da ya tuna wani a cikinmu har na manta. Kayansa na nan na fara haɗawa.

Ƙanenki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa gare ku duka. Ka dakata da haɗa kayan tukuna. Motar safe zan biyo, a Agogo zan sauka. Kada ka zo tarye na, kuma kada ka rufe ƙofa.

Ka ce masa ina ƙasa ina jira.

Yayarka