Rasuwar Hajiya Badi'a Ya'u Hotoro da Hannun Waɗanda Suka Kulle Mata Ƙofa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini mai tsanani da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Ma'aikatan Jinya ta Yankunan Masana'antu na Sharada, Challawa da Bompai ta samu labarin rasuwar shugabar sashenta na horaswa, babbar ma'aikaciyar jinya, Hajiya Badi'a Ya'u Hotoro, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Litinin sakamakon cutar kwalara.

Marigayiya ce ta fara tara ma'aikatan ƙananan asibitocin kamfanoni tana yi musu bita kan sauyin yanayi da lafiyar 'yan gudun hijira, tun lokacin da fari ya koro iyalai daga Maraɗi da Damagaram, ambaliya kuma ta koro wasu daga Jigawa, suka zo suka kafa bukkoki a bayan majemun Challawa suna neman aikin lebura. Ita ta koya mana gane leburan da zafi ya ƙona wa ruwan jiki kafin ya faɗi a gaban inji, da yadda ake karɓar mai naƙudar da ba ta da katin awo ba tare da an tsawata mata ba. Takan ce wa ɗalibanta: "Ciwo ba ya tambayar katin ɗan ƙasa. Ku fara sa wa mutum ruwa tukuna."

Ƙungiya ba za ta ɓoye wa jama'a ba cewa an yaƙi wannan aiki. Akwai manajojin da suka hana ma'aikatansu zuwa bita, akwai wanda ya kira ta mai tada zaune tsaye a gaban ɗalibanta. A daminar bana, da magudanar wata masana'anta ta ɓalle ta gurɓata rijiyoyin baƙin nan, amai da gudawa suka ɓarke, marigayiya ta roƙi a buɗe mata ɗakin taron kamfanin ta kwantar da marasa lafiya. Aka ce baƙi ba ma'aikatansu ba ne, aka garƙame ƙofa. A ƙarƙashin tamfol ta yi jinyar mutane, cikin taɓo, babu wadataccen ruwan wanke hannu, har cutar ta kama ta. Ajali na Allah ne, amma sakaci yana da masu shi, kuma mun san su.

Su ne jiya suka zo gidan makoki da manyan motoci da mai ɗaukar hoto, suka sauke buhunan shinkafa. Mijin marigayiya, Malam Uwaisu Lawan, ya sa an mayar musu da kayansu, ya ce: "Ku je ku gyara magudanarku. Akwai yara kwance a can har yanzu." Ƙungiya tana tare da shi. Daga yau babu wani ɗan ƙungiyarmu da zai zauna taro da wannan kamfani sai an gyara magudanar.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Malam Uwaisu da 'ya'yanta, Sagir da Saudat, da baƙin Challawa da suka bi gawarta da ƙafa har maƙabarta. Allah Ya gafarta mata, Ya haskaka makwancinta, Ya ba iyalinta juriyar wannan rashi, Ya kuma yi sakayya tsakaninta da waɗanda suka juya mata baya.

Sa hannu:
Malam Yahaya Bala Sharada
Sakataren Yaɗa Labarai na Ƙungiya