Ƙofofina Huɗu da Keken Innarki

Zuwa ga 'yata, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga tsohon da kika sani, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da mai gidanki da yaran. Allah ya ƙara muku lafiya da zaman lafiya, ya taimake ki a wannan aikin jinya naki, ya sa marasa lafiyar da kike dubawa su fi babanki jin magana. Mu nan sai godiya. Goggonki tana zuwa kullum da safe ta taya Innarki wanka, duk da nata ciwon bayan. Baffanki kuwa har yau bai tako gidan nan ba, wai hanya ta yi masa nisa, shi da yake zuwa kasuwar bayanmu duk mako. Ina dai kallo.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ba mu daɗe da yin waya ba. Kin san rubutuna na tsintuwa ne, a bakin benci na koye shi don in riƙa rubuta awo a jikin katako, sai ki yi haƙuri da karkacewarsa. Akwai maganar da na ɗauki waya sau uku in faɗa miki, da na ji muryarki sai in ɓuge da tambayar yara da ruwan sama. To ga ta nan: gidan nan da kika gina mana, ba a kan zanen da kika aiko aka gina shi ba. Duk lokacin da kika tambaya na ce an bi zane, ƙarya na yi miki. Innarki ba ta da laifi, ni na hana ta faɗa.

Ki bar ni in fara da nawa ƙorafin, don ina da shi. Ranar da mai zanen nan da kika ɗauko ya zo filin, ya shimfiɗa takardarsa a kan mota, ya gyara tabarau, ya ce mini sannu Baba, daga nan kuma bai sake kallona ba. Birkila yake yi wa bayani, ni ina tsaye kamar wanda ya zo tambayar hanya. Shekara hamsin ina rataya wa mutane ƙofa a gidajensu, amma da za a yi nawa gidan babu wanda ya tambaye ni inda nake son in sa kaina. Na leƙa takardar, na ga layi a kan layi, da lambobin awo irin su ɗari tara, dubu ɗaya, ni kuwa ƙafa da inci na sani. Ban gane komai ba, Uwata, kuma na gwammace a yanka ni da in tambaya. Da birkila ya fassara mini, sai na ji wai banɗaki a cikin ɗakin kwana, ƙofofi faɗin ƙafa uku da rabi, bakin gida babu matakala sai gangara, falo kuma ɗan ƙarami. Na tambaye su ko asibiti aka ce su gina mini. Na gaya wa mai zane cewa wanda bai taɓa buge yatsansa da guduma ba ba zai koya mini ƙofa ba. Ya naɗe hannun riga, ya bar mini takarda ɗaya, ya shiga motarsa. Takardar kuwa na yayyaga ta na ƙunshe ƙusoshi.

Kin tuna ƙofofin nan huɗu na maɗaci da kuke ɓuya a bayansu kuna yara? Na yi su tun ina da ƙarfina, kafin a haife ki, na ce sai ranar da na yi gidan kaina zan rataya su. Gidan haya biyar muka yi, ko'ina da su muka tashi, Innarki tana mita wai sun fi ta samun wuri mai kyau a mota. Kowace faɗinta ƙafa biyu cif, irin na da. Da na ji zanenku ba shi da gurbinsu, sai na ji kamar ni ne ba ni da gurbi. Washegari na ɗauki sanda na ja nawa layin a ƙasa, birkila yana bina da igiya da turaku. Na yi falo babba don baƙi, na tura ɗakunan kwana can ciki ta wani siririn lungu, na mayar da banɗaki ƙarshen tsakar gida, don na ce mutum ba ya kwana da masai a gefen kansa. Na ɗaga bakin gida matakala uku. Bakin kowane ɗaki kuma na sa aka gina shi daidai da ƙofofina. Mutane suna yin ƙofa don gida, ni na yi gida don ƙofa. Birkila ya yi mini magana sau biyu, na ce masa da bulo aka ɗauko shi, ba da shawara ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa laifinki ne, da kin faɗa mini dalili da na bi. Makon jiya na faɗi haka a gaban Innarki, sai ta ce in ji tsoron Allah. Ta tuna mini cewa kin faɗa, a waya, kin ce kin ga yadda take jan ƙafa da yadda jininta yake hawa, kina so gidan ya yi mata sauƙi nan gaba. Wai kina cikin magana na miƙa mata wayar na fita neman takalmi. Haka aka yi. Na tuna har takalmin.

Wata huɗu da tarewarmu ɓarin jikinta ya shanye, wannan kin sani. Kin aiko keken guragu, kina tambaya ko tana jin daɗinsa, ina ce miki har kicin take zuwa da kanta. Gaskiyar ita ce ranar da aka kawo shi, ni da maƙwabcinmu muka ɗaga ta da keken muka hau matakala, muka bi lungu da ƙyar, muka zo bakin ɗakinta ya ƙi shiga. Na ɗauko tef na auna. Keken ƙafa biyu da inci biyu, ƙofa ƙafa biyu. Na auna sau uku, kamar katako zai ji kunyata ya buɗe. Tun ranar Innarki a falo take kwana, a bayan labulen da goggonki ta ɗaura da igiya. A nan ake yi mata wanka a roba, a nan take biyan bukatarta a fo, ni nake fita da shi. Ɗakinta yana can da gadonta da akwatunanta, taku goma tsakani, wata biyar ba ta gan shi ba. Ita dai sai tsokana. Ta ce wa goggonki ta auri kafinta shekara arba'in da biyar, ƙarshenta ƙofa ce ta kore ta daga ɗaki. Suka yi ta dariya, ni na fita.

Abin da ya sa na ɗauki biro ya faru ne ranar Asabar. Tsofaffin abokan aikina su uku suka zo yi mata sannu da ganin gida. Kin san don irin wannan ranar na yi falon. Na zaunar da su, na kai su suka shafa ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, suna cewa yanzu babu mai irin wannan hannun, ni kuma kaina yana ta kumbura. Muka zauna hira tun bayan azahar har la'asar ta wuce. Sau biyu na ji ta yi gyaran murya a bayan labule, na ce a raina tari ne. Ashe bukata ce ta kama ta, ga maza a falo, labule kawai ya raba su, ta kasa kirana. Ta riƙe iya ƙarfinta, bai riƙu ba. Da na raka su na dawo na ɗaga labulen, ta juyar da fuska bango, ta ce in buɗe taga, kada kuma in gaya wa goggonki. Matar da ko tsinke ba ta bari a tsakar ɗakinta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na wanke ta, na wanke shimfiɗa, ban iya kallon idonta ba.

Kafin magariba na kwance ƙofar ɗakinta da hannuna, na cire har firam ɗin. Keken ya shiga bakin, amma lungun ya yi masa ƙunci, ba ya iya juyawa. Na kira birkila, ya zo ya duba, Allah ya saka masa bai tuna mini komai ba. Ya ce sai an fasa bango biyu, ɗaya kuma shi yake ɗauke da rufi, ba zai sa guduma ba sai mai zane ya gani ya ce ga inda za a tokare. Saboda haka ranar Litinin na sa babbar riga na tafi ofishin mai zanen. Na zauna a benci kusan awa ɗaya, ya fito, ya gane ni. Na ce masa na zo ne in janye maganata. Bai wulaƙanta ni ba, har ruwa ya sa aka ba ni, wanda ya fi zagi ciwo. Amma ya ce ke kika ba shi aikin tun farko, ba zai taɓa gidan ba sai kin kira shi da bakinki.

To kin ji abin da nake roƙo. Ki kira shi, ki ce ya zo. Duk abin da ya zana zan bi, har banɗakin a cikin ɗaki, har gangarar a bakin gida, falon ma ya yanke rabinsa idan yana so. Sai dai ki ce masa wannan karon ya faɗa mini a ƙafa da inci, kuma ya kalle ni idan yana magana. Ƙofofin kuwa kada a sayo wasu. Jiya na ɗora su a benci na sa musu zarto, zan haɗa huɗun su zama biyu masu faɗi, ɗaya ta ɗakinta, ɗaya ta banɗaki. Yankan farko sai da na tsaya na zauna. Innarki tana jin ƙarar zarton daga falo, ta ɗaga murya ta ce in auna da kyau wannan karon.

Idan kin kira, kada ki fara da ni, ki fara da ita. Ba ta san na rubuta maganar ranar Asabar ba, kada ki nuna mata kin sani. Na faɗa miki ne don ki san girman abin da na yi, kada ki yi mini sauƙi a zuciyarki. Mai gidanki kuma, idan ya zama dole ya ji, ki gaya masa, amma ba sai ya kira ni a kai ba.

Ki gaishe shi da kyau. Ki gaishe mini da babban yaron, da Sarauniyar Surutu, da auta wanda har yanzu ban ɗauka a hannuna ba. Ki gaishe da surukarki, Allah ya ƙara mata lafiya. Goggonki tana gaishe ku, maƙwabcinmu ma haka. Innarki ta ga ina rubutu ta gane ko na mene ne, ta ce in gaya miki kada ki yi mini faɗa da yawa, wai tsufa ne ya zo mini ta ka, ita ya zo mata ta ƙafa. Ni dai ina so kafin ki zo ta kwana a ɗakinta. Ki kira shi gobe, Uwata, kada ki jira jibi.

Ni ne babanki,
tsohon kafinta.